Gishiri a Jijiyar Kawu

Zuwa ga ɗana Ɗanfirit,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da yaran da har yau hotonsu kawai na sani. In ka manta ni, ni ce Gwaggonka Hedimasta, wadda mahaifiyarta da kakarka ta wajen uba suke 'ya'yan wa da ƙani. Ni na koya maka riƙe fensir lokacin da aka kawo ka hutu gidanmu, kana da kai kamar tulu da wuya kamar zare. An ce mini yanzu kai babban likita ne a ɗakin waɗanda jiki ya tsananta musu, har ƙananan likitoci na bin ka a baya suna rubuta abin da ka faɗa. Madalla. A wurina dai Ɗanfirit kake.

Lafiyata ƙalau, ban da gwiwa da kunne. Kunnen ne ya sa na ɗauki biro, don a waya ba na jin komai sai shuu. Direban babbar motar da ke zuwa wajenku tsohon ɗalibina ne, shi zai kawo maka wannan.

Kawunka Mai Agogo ne ba lafiya. Ciwon ciki ya kama shi ya ɓoye mini, yana ta haɗiyar ƙwayoyi a shago, har sai da telan da ke maƙwabtaka da shi ya same shi a ƙasa ya dunƙule kamar tsumma. A asibiti suka ce 'yar hanjin nan da ba ta da aikin yi ce ta kumbura ta fashe, ƙazanta ta watsu a cikinsa. Aka yi masa aiki. Da aka fito da shi, maimakon a kai shi inda kowa ke kwanciya, sai aka haye da shi bene, irin ɗakin da kuke aiki: sanyi kamar cikin firji, wayoyi ko'ina, na'urori sai ƙyafta ido suke suna tsiwa.

Wai jininsa ya faɗi. Na ce musu su sake awo. Mutumin da shekara da shekaru muna fama da hawan jininsa? Kowa a dangi ya san yaƙin da na yi da gishiri a gidan nan. Na ɓoye shi a akwatin zannuwana. Na kama Kawunka da ƙulli a aljihu, na kama shi da wani a gwangwanin ƙusoshin agogo. Miyar gidanmu, baƙo in ya ɗanɗana sau ɗaya ba ya sake zuwa lokacin cin abinci. Duk na jure don mutumin nan ya rayu.

To, ranar da aka bar ni na shiga, bayan an sa mini riga da hula da takunkumi kamar mai shirin fashi, na ɗaga kai na karanta ledar ruwan da ke rataye a kansa. Ɗanfirit, gishiri ne! Sun rubuta shi da dogon sunan boko, amma na karantar da kimiyya tun kafin a haifi likitar da ke duba shi, ina gane gishiri ko ya sa kwat da taye. Kuma ba ɗiga yake ba, gudu yake. Leda na ƙarewa a rataya wata.

Na tambayi nas, wata ƙatuwa mai murya kamar ƙararrawar taro. Ta ce, "Mama, umarnin likita ne." Na ce ina likitar? Aka nuno mini wata 'yar yarinya mai gilashi, wadda da a makarantata na gan ta a waje da na tambaye ta wa ya ba ta izinin fita aji. Ta yi mini bayani ta bayan takunkumi, ban ji ko kalma ɗaya ba, na dai ga gilashin na motsi. Suna juya baya na sa yatsa na murɗa 'yar tayar nan da ke jikin robar, ruwan ya tsaya cak. Ashe na'urar tana da baki. Ta fasa ihu, nas ta zo a guje ta buɗe, ta riƙe ni a kafaɗa ta fitar da ni kamar yaron da aka kama yana satar amsa. Yanzu an ce sai dai in leƙa ta gilashin ƙofa.

Abin da nake so shi ne ka rubuto takarda ka buga hatiminka ka ce su daina. In dole sai an sa wani abu a ruwan, a sa sukari, ba shi da ciwon sukari. Ko a ba shi ruwa zalla yadda Allah ya halicce shi.

Yana kwance bai san inda yake ba. Hannunsa da na taɓa sanyi ƙarara. Ka yi sauri.

Gwaggonka.

*

Zuwa ga Gwaggo Hedimasta,

Ranki ya daɗe. Gaisuwa da ladabi daga ni da maiɗakina da yara. Muna lafiya, sai dai ƙaramin yana haƙora, ya hana kowa sakat. Ban manta ki ba, Gwaggo. Har yau in na ga jan biro gabana faɗuwa yake. Allah ya ba Kawu lafiya, ya sa kaffara ne.

A kan gwiwata nake rubutu, direba ya ce ba zai jira ba, sai ki yi haƙuri da hannuna.

Kafin komai: don girman Allah kada ki sake taɓa robar nan.

Hawan jinin da kika yi yaƙi da shi na mai yawo da ƙafafunsa ne. Yanzu akasinsa ke damun Kawu. Ƙwayoyin cutar da suka watsu daga hanji sun sa jijiyoyin jininsa sun saki, sun kuma fara yoyo kamar tsohon tiyo. Zuciya na bugawa, amma abin da ke dawo mata kaɗan ne, don haka ƙoda da ƙwaƙwalwa ba sa samun rabonsu. Shi ya sa kika ji hannunsa da sanyi. A irin wannan hali, bayan maganin ƙwayoyin cutar, ruwa ne magani na farko.

Ruwa zalla ba ya yiwuwa. Jinin mutum kansa yana da gishiri daidai gwargwado, in aka zuba ruwa zalla a jijiya ƙwayoyin jini za su sha su kumbura su fashe. Na sukari kuma, jiki zai ƙone sukarin nan da nan, ruwan ya sulale ya bar jijiya ya watse cikin jiki, kamar ɗalibanki in an buga ƙararrawar tashi. Gishirin ne ke ɗan riƙe shi inda ake so.

Amma tsoronki ba na banza ba ne. Leda iri biyu muka fi amfani da su. Ɗaya ruwa ce da gishiri kawai. Ɗayar gauraye ce, an rage gishirin an ƙara wasu sinadarai don ta yi kama da ruwan da ke cikin jinin mutum. In kaɗan za a bayar, kusan duk ɗaya ne. In da yawa ne, ni na fi son gaurayen, don ta gishiri zalla in ta yi yawa tana sa jini ya yi tsami, tana iya wahalar da ƙoda. Bambancin ba wani babba ba ne, amma na ga manyan likitoci biyu sun daina gaisawa a kansa. Sau da yawa cikin gaggawa akan fara da wadda ke kusa da hannu, a canza daga baya.

Kuma ba zubawa kawai ake yi ba. Kafin su ƙara masa ruwa za ki ga sun ɗaga ƙafafunsa sama suna kallon na'ura. Jinin ƙafafun ne ke gangarowa zuciya. In ta ƙara ƙarfi, tana son ƙari. In ba ta ƙara ba, a dakata.

Takarda mai hatimi ba zan rubuto ba. Likitar tana ganin Kawu da idonta, ni ta bironki kawai nake ganinsa. Ki daure ki ba nas ɗin haƙuri.

Ɗanki, wanda ya yi tumbi yanzu amma bai ƙi sunan ba,
Ɗanfirit.

*

Ɗanfirit,

Ina gaishe ku duka. A shafa wa mai haƙoran kai. Gwiwata ta ƙara lalacewa, don lif ɗin asibitin ya mutu, da ƙafa muke hawa benen nan muna sauka.

Wasiƙarka ta daɗe a hanya. Motar ta lalace, direban kuma ya manta ta a ƙarƙashin kujera, ta iso da tabon mai. Na ja masa kunne a gaban fasinjojinsa. Sai dai ko ba tabo, rubutunka abin kunya ne. Kamar an tsoma ƙafar kaza a tawada an sake ta.

Na karanta inda ka ce "rawa ne magani na farko". Na ɗauko jan biro na gyara maka, rawa ce ake cewa, ba rawa ne ba. Sannan na zauna ina mamakin likitancin zamani. Amma da na ga ka ce kafin a ƙara masa rawa za a ɗaga ƙafafunsa, sai na tuna lalle na gan su ta gilashi suna ɗaga ƙafafun Kawunka suna saukewa. Na ce to, ashe ita ce rawar, kuma a bushe suke yi masa. Washegari na zo da 'yar rediyonsa ta shago, na tare likita mai gilashi na ce ga kiɗa na kawo, yana son na goge, amma kada a wuce gona da iri saboda ɗinkin. Ta tsaya tana kallona. Na miƙa mata wasiƙar, nas ta leƙo ta kafaɗarta ta karanta. Ɗanfirit, sai da matar nan ta zauna a ƙasa don dariya. Alhakin wannan kunyar yana wuyanka.

To, da na gane ruwa kake nufi, na sake karantawa da kyau, na kuma yarda. Ni in aka kawo mini hujja ba na gardama. Na koma na ce a cire ta gishirin a sa gauraye. Suka ce ai tun washegarin aiki aka canza. Na ce to a ƙara masa, a ba shi da yawa, ɗana babban likita ya ce ruwa ne magani. Suka ce sun ma dakatar da ruwan. Ka ji! Lokacin da na ce a daina suka ƙi, yanzu da na ce a ci gaba sun daina. Sai wani magani a sirinji da na'ura ke turawa a hankali, wai yana ɗaure jijiyoyi, da wata 'yar kwalba mai ruwan ɗorawa kamar man girki. Ko rowa ce ta kama su?

Ga wata magana kuma. A benci ɗaya nake zama da matar wani magini da ya faɗo daga kan gini ya bugu a kai. Gadonsa na kallon na Kawunka. Na leƙa na ga shi har yau ta gishiri zalla ake sa masa. Na gaya wa matar gaskiya, na ce ana ba mijina mai kyau ana ba nata ta baya. Ta ɗora hannu a ka. Muka tara matan benci muka jira likita a bakin ƙofa, ni ce a gaba. Ta sauke takunkumi ta yi magana a natse, matan suka watse ɗaya bayan ɗaya, matar maginin har da godiya. Ni kaɗai aka bari a tsaye ban ji abin da aka ce ba, girma kuma ya hana ni in ce a maimaita. Ka faɗa mini me ta ce.

Kawunka ya kumbura, Ɗanfirit. Fuskarsa kamar burodin da aka jiƙa. Sai da aka yanke zoben hannunsa. Nas ta danna ƙafarsa na ga yatsanta ya bar rami. An sa masa injin numfashi. Jakar fitsarin da ke rataye a gefen gado tun jiya kusan a bushe take, na kuma ga bakin likitar ya yi kamar ta ce wankin ƙoda. Gida ya yi shiru, agogunan bango nasa duk sun tsaya, ban san yadda ake ɗaure su ba.

Ka amsa da rubutun mutane.

Gwaggonka.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Ranki ya daɗe. Muna lafiya, haƙori ya fito, gida ya samu barci. Wannan da na'ura na buga ta, don kada a sake kai wa Kawu kiɗa. Na karɓi gyaran, na gode.

Na nemi lambar likitar na kira ta, mun daɗe muna magana. Gwaggo, yarinyar nan ta san aikinta. Da ni ne a wurin, abin da ta yi zan yi. Ta ce in gaya miki ba ta yi fushi ba, rediyon ma yana ajiye a ofishinta.

Ba rowa ba ce. Wasiƙata ta farko ta yi magana ne kan Kawun ranar da kika rubuto, kafin ta iso ya zama wani. Ruwan da ya riƙe ransa da farko shi ne yanzu ya zauna a ƙafafunsa da huhunsa, don jijiyoyin da ke yoyo ba sa riƙe abin da aka zuba. Ba kuskure aka yi ba, da ba a ba shi ba da ba mu kawo yau ba. Amma da suka ɗaga ƙafafunsa zuciya ta nuna ta ƙoshi, suka kuma duba huhu da na'urar hoto suka ga ya jiƙe, ƙari sai ya zama cuta. Shi ya sa suka koma ga maganin ɗaure jijiyoyi. 'Yar kwalbar da kika gani kuma ruwa ne mai kauri da ake tacewa daga jinin da mutane suka bayar, yana ɗan daɗewa a jijiya fiye da na leda, akan kawo shi in an riga an ba da na leda da yawa.

Maganar magini: ba wariya aka yi masa ba. Gaurayen ta ɗan fi tsinkewa, ƙwaƙwalwar da ta bugu kuma tana saurin jan ruwa ta kumbura, ga shi tana cikin ƙoƙon kai ba ta da wurin miƙe ƙafa. Ga mai rauni a kai, ta gishiri zalla ita ce mai kyau. Da kun ci nasara a zanga-zangarku da kun cuce shi. Wanda ya zubar da jini kuma jini ake ba shi, ba leda ba. Kowa da irin nasa, har mutum ɗaya ma safe da yamma ba ɗaya ba ne.

Ba zan ɓoye miki ba, ƙodar Kawu tana cikin haɗari. Za su ba shi maganin da ke sa fitsari. In ta amsa, kumburin zai sauka. In ba ta amsa ba, za a yi wankin, kuma ba shi ne ƙarshen duniya ba. Babu wanda zai iya yi miki alƙawari, ni ma da nake wannan aiki kullum da fargaba nake zaɓar leda.

Likitar ta yarda ki koma ciki, da sharaɗin hannuwanki su zauna a cinyarki. Ki zauna ta gefen kunnenki mai ji, in ba ki ji ba ki ce a rubuta miki. Ki yi wa Kawu magana, sau da yawa suna ji. Ki sa ido kan jakar nan, ita za ta fara ba ki labari.

Ɗanki,
Ɗanfirit.

*

Ɗanfirit,

Gaisuwa. Direba na ta danna mini hon, ba zan tsawaita ba. An cire wa Kawunka injin. Yau da safe aka cire sauran robobin duka. Ya huta, fuskarsa fes kamar ba shi ya sha wannan wahala ba. Kafin azahar aka kai shi ƙasa, maza majiya ƙarfi suka ɗauke shi, ina biye da su har na ga an kwantar da shi. Likitar ta yi iyakar ƙoƙarinta. Kai ma Allah ya saka maka. Ka sanar da dangi na wajenku.

Gwaggonka.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Allah ya jiƙan Kawu, ya gafarta masa, ya ba ki haƙuri. Maiɗakina na yi miki gaisuwa cikin kuka.

Da na karanta takardarki na kira likitar, wayarta a kashe. Na kira ɗakin, wanda ya ɗauka ya ce Kawu ba ya nan, an ma ba wani gadon. Na zauna a mota na kasa tayar da ita. Na yi ta juya maganar a raina, ko da an tsayar da ruwan da wuri, ko da an yi wankin. Haka muke yi duk lokacin da muka rasa mutum, kuma ban ga inda aka yi sakaci ba. Ina so ki san wannan, har da ranar da kika murɗa tayar. Ɗan lokacin nan bai cuce shi ba.

Ban san Kawu sosai ba, amma abin da na sani ba zan manta ba. Ranar da kika kore ni daga ɗaki don na kasa rubuta sunana, shi ya ja ni shago, ya ɗora ni kan kujerarsa, ya sa mini gilashin nan nasa a ido ya nuna mini cikin agogo yana motsi. Ban taɓa ganin abin da ya kai shi kyau ba. Ina jin tun daga ranar na fara son sanin abin da ke cikin abubuwa. Da zan tafi ya ɗaura mini wani ƙaramin agogo a hannu kyauta, har yau yana cikin akwatina. Mutum ne mai sanyin hali da haƙurin da ba a samun irinsa, shekarun da ya yi tare da ke ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya.

Na sanar da dangi. Inna Doguwa da mutanenta za su taso a motar da za ta kawo wannan. Ni na nemi hutu, ina tafe a bayansu.

Ɗanki mai baƙin ciki,
Ɗanfirit.

*

Ɗanfirit,

Ina gaishe ka, Kawunka ma yana gaishe ka. Ka sake karanta layin nan a hankali. Yana gaishe ka, da bakinsa, yana zaune ya jingina da matashi.

Kai wane irin likita ne? Na ce an kai shi ƙasa, ɗakin kwanciya na ƙasan bene! Lif ya mutu, na gaya maka, dole maza suka sauko da shi a gadon ɗauka. Ni da rubutuna kamar na ɗab'i, kai kuma ka karanta ka kashe mini miji.

Na koma gida ɗauko masa kaya, sai ga mota ta tsaya a ƙofa, mutanenka suka zubo suna salati, Inna Doguwa a gaba da tabarma a hammata. Ta rungume ni tana cewa sai haƙuri. Na ce ai mun gode Allah, har ya fara cin abinci. Suka kalli juna, wata ta ce a kama ni a zaunar, baƙin ciki ya taɓa ni. Da na ga magana ba za ta yi ba, na ce su biyo ni. Muka shiga ɗakin a jere, Kawunka na riƙe da cokali. Ya ɗaga kai ya ce, "Sannunku da zuwa, wa ya mutu?" Inna Doguwa ta yi luu ta zube. Yanzu tana gado na uku daga nasa ana yi mata ƙarin ruwa. Na duba ledar, gauraye ce. Da yake ta bugi ƙafar gado da goshi, na tambayi likitan ɗakin ko ba ta gishiri zalla ta fi dacewa ba. Ya dube ni ya ce ƙulu ne kawai, ya kuma tambaya a wane asibiti na yi aiki. 

Ga yadda aka yi, tunda a wancan karon ban samu sarari ba. Na ba nas haƙuri, ta ce dariyar da na ba ta ta biya komai. Na shiga na zauna, hannuwa a cinya. Na yi ta ba Kawunka labarin unguwa, idona kan jakar. Ni da na yi shekaru ina hukunta yara kan fitsari a bayan aji, na zauna ina roƙon Allah ya kawo shi. Da na ga ya gangaro ta robar, ɗigo, sai wani ɗigon, na yi kabbarar da ta sa na'urori suka ji kunya. Likita mai gilashi ta zo ta tsuguna ta duba, ta ɗago, na ga idonta ya kawo ruwa. Ta rubuta mini a tafin hannunta cewa ba sai an yi wanki ba. Daga nan jakar ta yi ta cika, kumburin ya yi ta sauka, har mijina ya fito daga cikin burodin. Maginin ma ya buɗe ido, ya gane matarsa.

Wasiƙarka kuwa, na karanta wa mamacin da kaina a gaban masu ta'aziyya. Ya saurara ido a rufe, ya ce ashe haka yake da kirki bai sani ba, a maimaita. Da na zo wurin haƙurin da ya yi tare da ni, sai ya kalli silin yana murmushi. Wannan murmushin za mu yi maganarsa in ɗinki ya warke, kai ma ba ka tsira ba. Daga nan dariya ta ƙwace masa, ya riƙe ciki yana yi yana cewa wayyo, nas na yi masa faɗa. Na juya na fita waje kamar zan nemi ruwan sha. Ban san na fid da rai da sake jin dariyar nan ba sai da na ji ta.

Ya sa takardar a ƙarƙashin matashinsa. Ya ce in lokacin ya zo da gaske ba sai ka sake wahala ba, wannan ta wadatar. Gyara ɗaya kawai gare shi: agogon nan aro ya ba ka, na wani ne da ya kawo gyara, ya sha zagi a kansa. Tunda ka riga ka ɗauki hutu, ka taho da shi, ka taho da yaran.

Gwaggonka.